Ranar da Aka Ɓoye Marasa Lafiya

Akwai wani ƙauye a bayan Falanko inda ko allura mutum yake so sai ya dangana da Tanut. A zamanin mulkin soja aka aiko cewa manya za su zo daga Yamai su duba garin da ya fi bukatar malamin likita da ungozoma. Gurbi ɗaya ya rage, sauran kuwa birane sun lashe, kamar yadda suka saba.

Ba wanda ya kai Barmo murna. Matarsa Lantana na da tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura kamar turmi, haihuwarta ta baya ma da ƙyar ta sha.

To, sai maigari Audi ya tara jama'a ya ce shi dai ba za a kunyata shi gaban baƙi ba. Aka share gari tas. Masu tari, masu ciwon ido, yara masu ƙyanda, duk aka kwashe su aka kai bayan rumbuna, har da Lantana. Aka yanka raguna. Don tsabar iyayi har jarirai masu kumatu aka aro daga rugar Fulani aka goya wa matan gari. Wannan wauta har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Baƙi suka zo, suka ci suka yi nak. Babbansu, wani mai farin tabarau, ya dubi Barmo ya tambaye shi ko akwai mai ciwo a gidansa. Barmo ya buɗe baki. Amma wane namiji ne zai yi zancen cikin matarsa a bainar jama'a, ga surukinsa zaune a gaba?

"Sai godiya, ranka ya daɗe," in ji shi.

Mutumin ya ce tun da suka baro Damagaram bai ga gari mai ƙoshin lafiya irin wannan ba. Audi ya washe baki, ya ƙara musu da zabi. Ungozoma kuwa aka ba wani gari na bakin hanya, inda mutane suka san amfanin kuka.

Da naƙuda ta zo ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, aka ɗora Lantana a amalanken shanu aka nufi Tanut. Ba a kai rabin hanya ba ta haihu, jini ya ɓalle, rai ya yi halinsa. A nan gefen hanya aka binne ta. Barmo ya juya shanun zuwa gida, jaririyar na cikin rigarsa.