Shirun Sarkin Ihu

A ɗakin tausa na sansanin masu tseren dogon zango akwai ƙa'ida guda wadda ta girmi gadon da ake kwanciya a kai: mai tausa yakan danna tsoka har sai mai ita ya ce "ya isa", sannan ya sassauta. Haka Baba Mai Tausa ya koya a wurin maigidansa, haka shi ma maigidan ya koya a wurin nasa. Hannu ne ke gano inda tsoka ta ƙulle, amma bakin ɗan tsere ke faɗin inda za a tsaya.

Duk sansanin babu mai saurin faɗin wannan kalma kamar wanda ake kira Sarkin Ihu. Mutum ne da zai yi gudu tun asuba har hantsi bai yamutsa fuska ba, amma da an ɗora masa babban yatsa a sha-raɓa sai ya cika ɗakin da kururuwa.

"Baba, me na tare maka? Kai ko tausayi ba a raba da kai ba!"

Masu jiran layi a kan benci su yi ta dariya, Baba kuwa ko murmushi ba ya yi, domin a ganinsa ihu ma wani ɓangare ne na aikin.

Ana gab da tseren tantancewa, wanda daga shi ake ɗibar waɗanda za su wakilci ƙungiya, sai ƙaramar 'yar Sarkin Ihu ta rasu. Ya tafi gida, ya dawo tun kafin kowa ya yi tsammani. Shekaru sun fara ja masa, kuma kowa ya san in wannan tantancewar ta wuce shi, babu wata.

Da ya shigo ɗakin tausa bayan atisaye, wani abokin gudunsa ya gwada wasan da aka saba.

"Jama'a, a toshe kunne, mai gayya ya iso."

Babu wanda ya yi dariya. Sarkin Ihu ya cire takalma, ya jera su a ƙarƙashin gado, ya kwanta rubda ciki.

Baba ya zuba mai a tafin hannu, ya fara daga idon sawu yana hawa, yadda aka saba. A sha-raɓar hagu ya tarar da ƙulli mai tauri, ga zafi kamar an ajiye garwashi a ciki. Ya ɗora yatsa, ya danna, ya jira. Fanka tana ta juyawa. Ya ƙara dannawa har inda mafi juriyar mutanen sansanin ke cewa ya isa. Shiru. Ya leƙa fuskarsa, ya ga idanu a buɗe suna kallon takalman nan. Sai ya ɗage hannu.

Can Sarkin Ihu ya ce, "Baba, ka fara ne?"

"Na fara, ɗana. Har na gama."

Baba ya goge hannu da tawul, ya nufi bakin fili inda koci yake tattara kaya.

"Ina roƙon a cire shi daga tseren nan," in ji Baba.

Koci ya dube shi. "Haba Baba! Yau fa duk ya tsere musu."

"Abin da ya kawo ni ke nan. Tsokarsa ta kusa yagewa, shi kuwa ba ya jin komai. In ta yage a kan hanya ba zai tsaya ba, zai yi ta gudu a kanta har ya gama da ƙafar."

"Ka san wannan ce damarsa ta ƙarshe."

"Na sani. A zamanin maigidana an taɓa barin wani ya shiga tsere a irin wannan hali, don ana jin nauyin hana shi. Ya zo na uku. Har ya koma ga Allah da sanda yake tafiya."

Koci ya aika a kira Sarkin Ihu. Ya faɗa masa a taƙaice cewa an cire shi daga tseren, ya tsaya yana jiran gardama, domin mutumin nan a da ko kan ruwan sha sai ya yi musu.

"To," in ji Sarkin Ihu.

Ya ninke tawul ɗinsa gida huɗu, ya juyo wajen Baba.

"Gobe in zo tausa?"

"Ka zo kullum. Ranar da ka yi mini ihu, ni da kaina zan ce a mayar da kai hanya."

Aka yi tseren babu shi, aka ɗebi waɗanda aka ɗiba. Da rana ta yi sanyi Sarkin Ihu ya shigo ɗakin tausa, ya jera takalmansa a ƙarƙashin gado, ya kwanta. Baba ya zuba mai, ya hau daga idon sawu, ya ɗora yatsa a kan ƙullin a hankali, ya tsaya yana saurare.