Man Keke a Birki

Tela mutum ne mai tattalin kayansa. Keken ɗinkinsa ya tsufa, amma bai taɓa barinsa ya yi ƙara ba. Da ya ji ƙiii, sai ya ɗauko 'yar gorar mai ya ɗiga masa, keke ya yi shiru. Da ya sayi babur kuwa, haka ya ɗauke shi. Shi ke wanke shi, shi ke ɗaure notinsa, shi ke canza masa baƙin mai a ƙofar shago.

Ran nan birkin baya ya fara kuka duk sanda aka taka. Da safe Tela ya tsuguna, ya kwance taya, ya ɗiɗɗiga man keke a cikin birkin, ya mayar. Ya taka a tsaye, shiru. Ransa ya yi fari.

Can da hantsi ƙaninsa Auta ya zo aron babur, zai kai mahaifiyarsu asibiti a duba mata hawan jini.

"Ka bi a hankali, na san ka da gudu," in ji Tela.

"Yaya ke nan. Kai da babur ɗin nan kamar amarya."

Inna ta hau baya ta riƙe kafaɗar Auta, suka tafi.

Ba su jima ba maƙwabcinsa bakanike ya leƙo karɓar wandonsa.

"Yau babur ɗinka ya wuce ban ji kukansa ba. Wa ya ci mini kasuwa?"

"Ni na gyara abina. Mai kawai yake so."

Dariyar bakanike ta tsaya. "Mai? A ina?"

"A birki mana."

"Innalillahi! Malam, birki da kamu yake aiki. In ya sha mai, santsi zai yi. Wa ke kan babur ɗin?"

Tela ya miƙe zumbur. Hanyar asibiti gangara ce, a ƙarshenta akwai mahaɗar da manyan motoci ke wucewa. Ya kira wayar Auta, tana ta ringi ba a ɗauka. Ya fita a guje, tef ɗin awo na lilo a wuyansa.

Tun daga saman gangarar ya hango taro. Ya ƙarasa a guje.

Babur na kwance a bakin kwata. Ashe da Auta ya ga birki ya ƙi, sai ya karkatar da babur ɗin gefe kafin mahaɗar. Gwiwarsa ta ɗaye, jini na bin ƙaurinsa. Inna na zaune a kan benci gaban wani kanti, ta tallafe hannun dama, wuyan hannun ya kumbura suntum.

"Yaran yanzu sai gudu," wani ya ce.

"Na sha faɗa masa," in ji Inna. "Auta, so kake ka kashe ni?"

"Wallahi Inna na taka! Na taka har ƙasa!"

Ba wanda ya yarda da shi. Tela ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ba laifinsa ba ne. Ni na zuba wa birkin mai da safe. Ban sani ba."

Auta ya dube shi, idanunsa sun yi ja, ya kau da kai.

Inna ta juya ta dubi gwiwar Auta. Sannan ta miƙa masa hannunta mai lafiya.

"Tashe ni, ɗan nan. Kai kuma Tela, je ka nemo mana mota."