Layi Biyu a Kan Yashi

Turai ta zurma hannu cikin ramin har kafaɗa, ba ta taɓo komai ba sai busasshiyar laka. A da, ko a tsakiyar rani, kamu ɗaya mace za ta tona a yashin gulbin nan ruwa ya tsattsafo garai-garai. Yanzu tifofin Alhaji Badaru sun kwashe yashin zuwa Katsina ana ta gina benaye, ruwan kuma ya bi shi.

Abin takaicin, mijinta Sammani yana cikin masu yi wa tifofin lodi. To ina zai sa kansa? Gonarsa tana bakin daji ta wajen Ruma, inda 'yan bindiga suka hana kowa saka fartanya. Shebur ɗin nan ne ke kawo gero gidan.

Mahaifinta, Malam Daudu, shi ya kafe sai da mai gari ya yarda a raba gardama, ƙato bayan ƙato. Mai son a hana ɗibar yashi ya tsaya bayan Daudu, mai son a ci gaba ya tsaya bayan Kansila Nazifi. Ko yaron goye ya san kuɗin wa suka ɗora Nazifi a kujera.

"Malam, bayan wa za ka tsaya?" ta tambayi mijinta da safe.

"Ke bayan wa kike so in tsaya?"

Ta dubi randa, ta dubi buhun geron da ya kusa kwantawa.

*

Bayan azahar maza suka cika ƙofar mai gari, mata na leƙe ta saman zana. Daudu ya tsaya ƙyam, bai ko waiwaya ba, don jiya kowa ya rantse masa. Wakilin Alhaji kuwa bai yi wa kowa barazana ba, bawan Allah. Ya dai hau bayan mota yana ɗaukar fuskoki da waya.

Sai maza suka fara sulalewa, kowa kansa a sunkuye. Sammani ya yi turus a tsakiya, ya share gumi, sannan ya bi su bayan kansila. Turai ta ji sanyi a ranta, yara za su ci tuwo. Nan take kunya ta rufe ta, ta tsani wannan sanyin.

"Jama'a ta zaɓa!" in ji mai gari. Aka tafa.

Sai a lokacin Daudu ya juya. Tsofaffi biyu ne a bayansa, ɗayan ma inuwa ya biyo.

*

Da aka kira la'asar Daudu ya tako a hankali, ya miƙo wa Turai buta ta saman zana.

"Turai, ɗan sam mini ruwa."

"Baba, wallahi ko ɗigo..."

"Ba komai, 'yata."

Ya taka bakin hanya, inda tifa ta zubar da ɗan yashi wajen shan kwana. Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya buga tafukansa a kai, ya shafa a fuska.