Yaɓen Inna Habsa a Bayan Wata

Tun farkon rani 'yan aji suka laƙaba wa Basiratu suna Madam Wata, ita kuwa ta amsa abinta. Lisen Filinge, wato sakandarensu, zai tura ɗalibi guda gasar kimiyya a Yamai, kuma ta ƙudura ita ce za ta shiga motar.

Bayan wata ta zaɓa, gefen da ba ya juyowa duniya. A wayar Mushe Hamani, malamin kimiyya, ta ga hotunan da kumbo ya ɗauko: rami bisa rami, wani cikin wani, da wani ƙato da zai haɗiye Nijar bai ƙoshi ba. Ta haɗa manyan ƙorai biyu baki da baki, ta lulluɓe su da laka, ta yi ta ƙwaƙular ramuka da cokali duk lokacin da ta gama surfe. Laka ta tsage, ta sake. Ta kuma tsagewa, ta sake.

Safiyar zaɓen wanda zai tafi, ta dawo daga rijiya ta tarar da watanta sumul, ɗanye, yana ƙyalli. Inna Habsa, yayar mahaifiyarta da ta rene ta, tana gefe tana wanke hannu. Duk unguwar ita ake kira yaɓen rumbu.

"Inna! Mi kinka yi?"

"Gyara. Wanga abu duk tabon agana za ki kai gaban mutane? A ce gidan Habsa anka yi wanga yaɓe? Har kauri na ƙara mishi."

Basiratu ta durƙusa gaban watan. Ta danna yatsa cikin fushi. Lakar ta lotsa, gefen ramin ya ɗago, daidai na hoto. Ta ƙura masa ido. Sai ta cika haɓar zane da duwatsu, ta aza watan bisa kai, ta fita kusan a guje.

A filin lise Kailu, abokin takararta, ya tuntsire da dariya. "Madam Wata, ƙwan jimina kinka kawo muna?"

"Ja baya, Kailu, kada sama ta hwaɗo maka."

Ta aje watan gaban malamai, ta ja baya, ta kai masa jifa da babban dutse. Fac! Laka ta fallatsa har takalmin direkta. Ta bi da ƙanana, rami na faɗawa cikin rami.

"Haka anka yi su!" in ji ta. "Gefen da muke gani, narkakken dutse ya hito ya shafe manyan ramukan, kamar hannun innata. Bayan watan kuwa ɓawonshi na da kauri, bai samu mai yaɓe ba."

Direkta ya dubi takalminsa, ya miƙo hannu. "Ba ni guda." Ya jefa, ya kuskure, fili ya ɗauki ihu. Da ya samu a karo na biyu ya juyo yana haki.

"Yamai ma ɗanye za ki kai shi."

Tun daga bakin zaure Basiratu take ƙwala kira.

"Inna! Kwaɓa laka!"