Baƙin Rasit

Sai da ƙarti uku suka kama kafin firizar ta sauko daga motar kaya. Auta na biye da su tana cewa a yi a hankali, kamar gawa ce za a ji wa ciwo. Yayanta kuwa ya tsaya gefe, hannu a ƙugu, da fuskar nan ta mutumin da maganarsa ta tabbata.

Shekara guda da rabi Auta ta yi tana tsayuwa a kantin magani, tana tafiya aiki a ƙasa, tana wuce masu takalma kamar ba ta gan su ba, har ta tara kuɗin firizar nan don ta riƙa sayar da ƙanƙara. Yaya ya ce ta sayi tsohuwa a rabin kuɗi. Ta ce a'a, sabuwa tana da garantin shekara. Wata biyar tana aiki lafiya, masu sayar da lemo na layi a ƙofar gida, har Umma ta fara cewa "firizarmu" a gaban maƙwabta. Shekaranjiya firizar ta yi wani tari, ta yi shiru.

A cikin kantin, matar da ke teburin ƙorafi ta miƙo hannu ba tare da ta ɗago ba.

"Rasit."

Auta ta daɗe tana laluben jaka, alhali ta san inda yake. Ta ciro shi ta ajiye. An manne shi cikin leda mai kauri, tsaf, gefe-gefe a yanke daidai. Ciki kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Wannan mene ne?" in ji Yaya.

"Rasit ɗin ne."

A gidansu duk takarda mai daraja sai an kai ta an manne da leda: ta haihuwa, ta makaranta, ta mutuwar Baba. Washegarin sayen firiza Auta ta kai rasit ɗinta shagon manna leda. Ba wanda ya gaya mata irin takardar nan ba ta shiri da zafi. Ta shiga injin da rubutu, ta fito ba ko ɗigo. Auta ta biya mai shagon kuɗinsa, ta koma gida ta cusa abin a ƙasan akwati, ba ta gaya wa kowa ba.

"Wata biyar!" in ji Yaya. "Kina ta cika mana kunne da garanti, ashe gawayi kika ajiye."

"Ba ke kaɗai ba ce, ƙanwata," in ji matar, ta ɗan sassauta murya. "Ba ni lambar wayar da kika bayar ranar. Zan nemo a kwamfuta."

Auta ta faɗi lambarta. Matar ta danna, ta girgiza kai. Aka gwada ta Yaya, aka gwada ta Umma. Babu.

Sai a lokacin Auta ta tuna. Ta waiga. Ga shi can tsakanin injinan wanki, wani dogon ma'aikaci da abokan aikinsa ke kira Zangalo, shi ne ya sayar mata da firizar. Ranar ya cika murmushi, ya cika "ranki ya daɗe", da ya zo cike takarda ya tambayi lambarta sai ta ga take-takensa. Ta juya masa lambobin ƙarshe yadda bakinta ya ga dama. Har ta ba ƙawayenta labari suna tafawa.

"Ba daidai na bayar ba," ta ce a hankali.

"Me kika ce?"

"Lambar ƙarya na bayar."

Aka kira manaja, wani gajere mai tarin makullai a wuya. Ya saurara har ƙarshe, ba faɗa ba tsawa, wanda ya fi ciwo.

"Firiza irin wannan muna sayar da ita kullum, wasu kantunan ma suna sayarwa. Ba rasit, ba lamba, ta ina zan san tamu ce? Injinta ne ya ƙone. In za ki biya, a canza."

Ya faɗi kuɗin. Auta ta dafa tebur. Ko ta sake wata takwas tana tafiya a ƙasa ba za ta haɗa ba, kuma masu lemo ba sa jira, tun jiya sun koma layin wata mai ƙanƙarar.

"Mu tafi," in ji Yaya, wannan karon ba gori a muryarsa. "Bari in nemo mota."

Manaja ya sa Zangalo ya tura firizar zuwa ƙofa. Auta na bin bayansa tana kallon ƙasa. Da suka kai bakin titi ya duƙa kamar yana gyara tayar abin turawa, ya yi magana ba tare da ya kalle ta ba.

"Bakwai, biyu, huɗu, huɗu. Su ne na ƙarshe."

Ta tsaya cak.

"Na kwafa daga takardar kanti na kira," ya ce. "Wani tsoho mai faci ya ɗauka, ya zage ni tas. In manaja ya ji na taɓa lambar mai saye, yau zan ajiye rigar nan, kuma ni ke riƙe da gidanmu. Ki ce tunawa kika yi."

Kunya da haushi suka kama Auta lokaci guda. Ashe zarginta gaskiya ne. Ashe kuma shi ne zai fisshe ta. Ta juya ta bar shi a nan.

Ta koma teburin ita kaɗai.

"Anti, na tuna."

Matar ta danna. Ta ɗaga gira, ta juyo da kwamfutar wajen manaja. Ga firizar, ga ranar, ga sunan wanda ya sayar. Manaja ya kalli sunan, ya kalli Auta, ya ɗan daɗe yana kallon ƙofa, inda Zangalo ke turo firizar ciki tun ba a ce masa ba.

"Ƙwaƙwalwarki da kyau," ya ce. Ya sa hannu a takardar gyara. "Sati biyu."

Injin buga rasit ya fitar da sabo, da ɗuminsa. Auta ta karɓa da yatsu biyu.

"Hoto za ki ɗauka, ki kuma yi kwafi," in ji matar. "To, ba ni lambar da za mu kira in an gama. Ta gaskiya fa."

Zangalo na tsaye taku uku daga teburin, yana jiran a ce masa inda zai kai kayan. Auta ta kalle shi, daga nan zai iya jin lambar. Bai jira umarnin kowa ba. Ya kama abin turawa, ya nufi ɗakin ajiya da sauri, tayoyin na ƙara a kan siminti, sai da ƙofar ta rufe a bayansa sannan ta fara faɗin lambar.