Sawun Gleb a Bakin Ƙofa

"Ajiye tsintsiyar nan, Ra'isa! So kike ki share masa hanyar dawowa?"

Baba Zoya ce, maƙwabciyata, daga kan gado. Muryarta ta dishe, amma masifar tana nan daram. Tun da ɗanta Gleb ya zo sallama zai tafi duniyar wata, ta hana tsintsiya taɓa ɗakin, don ba a share bayan matafiyi sai ya sauka lafiya. Sawun takalminsa na taɓo ya bushe a bakin ƙofa.

Da safen nan rediyo ya ce wani abu ya fashe a kumbonsu, iskar shaƙarsu tana zurarewa. Ni ban yarda da camfi ba, amma ni na yi renon yaron nan. Na jingine tsintsiyar.

"Kurɓi shayin mana, Baba."

"Wannan ruwan wankin? Ƙaro min muryar rediyo."

Ba ta ji ƙarshen labarin ba. Da yamma ta cika, hannunta a kan rediyon.

Ranar da aka fita da akwatin gawar, kumbon yana lallaɓowa gida, amma an daina jin muryarsu. Sai ga Tamara, maƙwabciyarmu ta saman bene, da bokiti da tsumma.

"Matsa min, Ra'isa. An fita da gawa, dole a wanke daɓe."

"Ta ce kar a taɓa sai ya dawo."

"Ke dai kin tsufa ba wayo! In ba a wanke ba, mutuwa komowa take ta ɗauki wani a gidan. Wa ya rage in ba Gleb ba?"

In wanke, na goge masa hanya. In bari, na bar wa mutuwa ƙofa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na fizge tsumman daga hannunta. Na shiga kicin na ɗauko kwanon da Gleb yake shan miyar kabeji tun yana yaro, na kife a kan sawun. Sannan na durƙusa na wanke ɗakin tas, lungu-lungu, ina kewaye kwanon.

Tamara ta jawo kujeru muka zauna. Daɓen yana bushewa a hankali, rediyo yana ta shuuu, kwanon yana kife a bakin ƙofa.