Kwalin Tsofaffin Rediyoyi

Tabon ƙunar da ke babban yatsan Auta ya kusa ɓacewa. Yayarsa ta lura da haka sa'ad da ya zauna gabanta a falo, don ta gwada shi kafin ganawar shiga babbar jami'ar da ta kira shi.

Baba na gefe yana washe baki. "Wace irin ganawa kuma? Da wannan sakamakon ai su za su roƙe shi."

"Baba, duk wanda suka kira irin sakamakonsa gare shi," in ji ta. "Wani abin daban suke nema."

Ita ma tana son ta san ko akwai wannan abin a tattare da ƙanenta. Ta gyara murya kamar farfesa. "To, malam, ban da karatun jarrabawa, me ka taɓa bincikawa don kawai ya ɗaure maka kai?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Kai, sarkin hadda, yau babu amsa?"

Ya shafa tabon, ya saci kallon Baba. Nan ta tuna lokacin da yake farke tsofaffin rediyoyi yana ƙona yatsu, har Baba ya tattara su cikin kwali ya kulle a sito, wai suna cinye masa lokacin karatu.

"Akwai wata da na kusa tayarwa," in ji Auta a hankali. "Har yau ban gano abin da ya hana ta magana ba."

Baba ya daina murmushi. Ya miƙe, ya zare makullin sito daga jikin ƙusa, ya fita.